'Yan ƙwarya da DJ a bikin ƙanwata: wa ya ci kuɗinsa?

Idan kuɗinki ba zai ɗauki duka biyun ba, ki kira 'yan ƙwarya ki haƙura da DJ. Ra'ayina ke nan bayan bikin ƙanwata a Kano, inda aka ɗora mini harkar kiɗa tun daga kamu har dina.

Wata gwaggonmu ce ta haɗa mu da 'yan ƙwaryar. Ba sifika, ba janareta. Kayan aikinsu ƙore ne da baho: a zuba ruwa, a kife ƙwarya a kai, sauran a kife su a ƙasa, a yi ta bugu da 'yan sanduna. Amma aikin zabiyarsu ya fara tun kafin ranar wuni. Ta kira ni a waya ta yi mini tambayoyi filla-filla: wace ce uwar amarya, wa ta riƙe ta, su wa za su zo daga dangin ango, mene ne sunan kakarsu. Har cewa ta yi, "Hajiya, akwai waɗanda ba sa ga maciji a gidan? Faɗa mini, kada bakina ya ja muku magana." Na yi dariya, amma na faɗa mata.

Ranar wuni kuwa aka ga amfanin tambayoyin. Da ta zo kan Inna, wadda ta riƙe amarya tun daga yaye, sai ta rage kiɗan, ta jero sunayen iyayenta har zuwa garinsu na asali. Inna da ke fama da ciwon gwiwa, ko kujera ba ta son bari, sai ga ta a tsakiyar fili mayafi ya zame, tana rawa tana share hawaye. Ana kiran la'asar suka ajiye sanduna ba tare da wani ya ce musu uffan ba.

Suna da nasu aibin. Sun makara sosai, har baƙi suka fara ƙorafi. Sannan roƙonsu ya yi yawa: wadda aka wasa ba ta motsa jaka ba, sai habaici ya biyo baya. Batun liƙi ma sai da muka ɗan ja. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma hukumar EFCC tana gurfanar da mutane a kan haka. Ga shi yanzu kowa da wayarsa a sama yana ɗauka. Sai muka ajiye tire a gabansu, mai kyauta ta zuba a ciki. Zabiyar ta ce tire ba ya sa hannu ya buɗe, amma ta yarda.

Shi DJ na dina, cikin kuɗinsa har da waƙar ango da amarya da za a buga a situdiyo. Nan ne na ji takaici. Waƙar da ya kawo na taɓa jin ta a bikin maƙwabta, kiɗa ɗaya, baiti ɗaya, suna kawai aka sauya. Sunan angon ma ba a faɗe shi daidai ba, abokansa suna ta tsokanarsa da shi har yau. Mun ba shi jerin waƙoƙin da muke so da waɗanda ba ma so saboda surukai, bai ko duba ba. Ƙarar kuwa ta kai ka yi magana da na kusa da kai sai da ihu. Iyayen ango suka ci abinci a gurguje suka fice.

Ba zan zalunce shi ba: shigowar ango da amarya ya tsara ta da kyau, ƙawayen amarya kuma sun cashe son ransu.

Duk wadda za ta ɗauki DJ, ta ba da kafin alƙalami kawai, ta saurari waƙar amarya tun bikin da sauran mako guda, ta kuma zaunar da wani ɗan'uwa mai faɗa a ji kusa da na'urarsa. Mu mun biya duka tun farko, shi ya sa da muka ce a gyara sunan ango sai ya daina ɗaga waya.