Famfon gwaji ko rini: wanne ya fi kama yoyon ruwan lagireto?

Famfon gwaji a bakin lagireto ake ɗaura shi, injin na sanyi, a buga iska har allurar ma'auninsa ta kai lambar da ke jikin murfin lagireton. In ta fara sauka, akwai yoyo. Ka leƙa, sau da yawa za ka ga ruwa na tsattsafowa a bakin tiyo.

Rini kuwa sai mai haƙuri. A zuba shi a ruwan lagireto, a yi kwana biyu ana tuƙi, sannan a haska da fitilar UV, wato fitila ta musamman mai sa rinin ƙyalli, wurin yoyon ya yi kore shar. Shi ke kama 'yar tsagar da sai injin ya yi zafi take buɗewa.

Ni dai famfo nake fara ɗauka. Domin in gasket ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa, shi ne ya ƙone, sau da yawa rini ba zai nuna komai a waje ba, sai dai farin hayaƙi a salansa.