Gargaɗi ga jama'ar Kebbi kan masu tallar na'urar sanyi da ɗumi da sunan tallafi

Ina jan hankalin jama'ar Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Kalgo da kewaye, musamman ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho, game da wasu mutane da suka ɓullo da sabon salon damfara ta hanyar tallar na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke kira AC. Suna cewa tasu ta daban ce, wai tana sanyaya ɗaki da bazara, tana ɗumama shi da hunturu, kuma tana aiki dare da rana da hasken rana kaɗai, ba ruwanta da wutar NEPA ko janareta. Sana'ata haɗa wutar gida ce da sola, kuma abin da ya wajabta mini yin wannan magana shi ne, aikin da waɗannan mutane suka ɓata a gidajen jama'a mu ake kira mu duba, bayan su sun riga sun kashe wayoyinsu.

Tallar tana farawa ne a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, da bidiyon wani gida na ƙasar waje da hoton kwalaye jibge a sito. Daga nan sai a ce wata ƙungiyar Turai mai yaƙi da sauyin yanayi ce ta haɗa gwiwa da gwamnati ta biya mafi yawan kuɗin, mai saye zai cika ragowar ne kawai, kuma kowace ƙaramar hukuma guraben da aka ware mata ba su da yawa, za a rufe karɓar suna ranar Juma'a. Za a sayar wa mutum fom, a karɓi lambarsa ta NIN da hotonsa, sannan a buƙaci ya tura rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami zuwa asusun da ke ɗauke da sunan wani mutum, ba sunan kamfani ba. Ba su cika tunkarar mutum kai tsaye ba. Sukan fara neman wani da ake jin maganarsa, shugaban ƙungiyar ma'aikata ko dattijon unguwa, su saka masa na'ura mai kyau a farashi mai rahusa, domin idan maƙwabta suka shiga falonsa suka ji sanyi, shi kansa ya zama shaida ba tare da ya san ana amfani da mutuncinsa ba. Wani magidanci a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi ya maimaita mini kalmomin da suka sa ya tura kuɗi ba tare da shawara da kowa ba: "Ranka ya daɗe, gurbi biyu ne suka rage a unguwarku, kuma saboda girmanka na ɓoye maka ɗaya."

Ba na ganin laifin wanda ya faɗa wannan tarko. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kwana da janareta ya fi ƙarfin mai albashi, kuma a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Ga shi daga Maris zuwa Mayu zafin garinmu yana haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano kuwa ba ya hucewa sai gab da asuba. Wanda ke da tsohuwa mai hawan jini a gida, ko mai jego da jariri, idan aka yi masa alkawarin sanyi marar tsada, dole zuciyarsa ta karkata, kuma wannan buƙatar ce 'yan damfarar suka auna tun kafin su buga fom ɗinsu.

Ita na'urar da ke sanyi da ɗumi gaskiya ce, akwai ta, kuma a ƙasashen da ake tsananin sanyi da ita gidaje da yawa ke ɗumama ɗakunansu. Ba ta ƙirƙirar zafi ko sanyi, kwasar zafi take yi daga wani wuri ta kai wani, kamar yadda firji ke fitar da zafin da ke cikinsa ta bayansa, shi ya sa idan ka taɓa bayan firji za ka ji shi da ɗumi. A cikin ɓangaren da ake kafawa a waje akwai wani bawul mai bututu huɗu, ɗaya a gefe guda uku a ɗaya gefen, wanda ke juya hanyar da gas ke bi. Idan aka juya shi, sai na'urar ta riƙa ɗebo zafi daga iskar waje tana zubawa cikin ɗaki. Saboda ɗauko zafin take yi, da yunit ɗaya na wuta tana iya bayar da ɗumin da hita sai ta ci kusan yunit uku kafin ta bayar. Wannan duk daidai ne, kuma a kansa suke ɗora ƙaryarsu.

Dabarar da ta fi ba ni takaici ita ce lokacin da suke zaɓa. Da bazara suke wannan ciniki, lokacin da babu wanda zai iya gwada ɗumin, domin yawancin waɗannan na'urori ba a iya saita su sama da digiri 30 ko kusa da haka, kuma idan ɗakin ya riga ya fi haka zafi, ko na'urar ta gaske ce ba za ta tashi ta ɗumama ba. Sai su nuna wa mai gida alamar rana a jikin rimot su ce ga maɓallin ɗumi nan, ya jira hunturu. Alhali kamfanoni kan yi rimot iri ɗaya ga na'urorinsu daban-daban, don haka ganin maɓallin ɗumi a rimot ba ya nufin akwai wancan bawul a cikin injin. Kafin Disamba ta zo mai gida ya danna maɓallin ya ji shiru, watanni sun shuɗe, lambar waya ta daina shiga. Abin da ke tabbatar da gaskiya shi ne allon bayanin da kamfani ya manna a gefen injin waje: na'ura mai aiki biyu tana nuna ƙarfin sanyayawa a layi ɗaya, ƙarfin ɗumamawa a wani layin, idan kuwa layi ɗaya ne kawai, to AC ce irin wadda aka saba gani a kowane shago. A ra'ayina ma, sanyin da muke yi a Kebbi na 'yan makonni ne tsakanin Disamba da Janairu, kuma da dare ne zuwa hantsi, bai kai mai ƙaramin ƙarfi ya ci bashi dominsa ba, sai dai inda ake da tsoho ko marar lafiyar da sanyi ke tayar wa ciwo, inda na'urar ta fi kaskon gawayi a rufaffen ɗaki aminci nesa ba kusa ba.

Waɗanda aka cinye kuɗinsu ba a kawo musu komai ba, asararsu a fili take. Waɗanda aka kawo wa kaya kuwa sun fi daɗewa ba su gane ba. A wani gida a unguwar Gesse aka kira ni saboda na'urar da aka kafa tana kashe kanta da zarar rana ta take. Daga nesa fes take, har da leda a jikinta. Da na sa farce a gefen takardar bayanin sai ta ɗago, ashe sabuwa ce aka buga aka liƙa a kan tsohuwa, kuma a ƙarƙashinta an kankare shekarar da aka ƙera injin, ƙarfin da tsohuwar takardar ta nuna kuwa na doki ɗaya ne, alhali kuɗin doki ɗaya da rabi aka karɓa. Da muka kwance murfin, kwamfiresa duk tsatsa, fentin da aka fesa ya taɓa har kan wayoyi, kuma babu bawul mai bututu huɗu ko alamarsa. Bututun da ya haɗa ɓangaren ciki da na waje launinsa na jan ƙarfe ne, amma da na ɗan kankara shi da wuƙa sai fari ya bayyana: alminiyam ne aka rufe da ɓawon jan ƙarfe, wanda ke saurin tsagewa a wurin lanƙwasa, gas ya tsiyaye. Hajiyar gidan tana tsaye tana kallo, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Malam, garatutin maigidan ne fa."

Ko da injin gwanjon yana da sauran rai, akwai abin da ba sa faɗa. Ana ƙera AC ne bisa yanayin ƙasar da za a kai ta, kuma ana rubuta hakan a allon bayani. Mai alamar T1 an yi ta ne don wuraren da zafinsu bai wuce digiri 43 ba, mai alamar T3 kuwa tana jure har digiri 52, ita ce irin da ake kai wa ƙasashen Larabawa. Injin da aka kafa a bangon yamma a Birnin Kebbi cikin Afrilu, rana na dukansa bangon kuma yana mayar masa da zafi, iskar da yake shaƙa ta wuce abin da ma'aunin yanayi ke faɗa, don haka mai T1 zai riƙa tsayawa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Haka nan wutarmu bolt 230 ce, ta gidajen Japan 100, ta Amurka 120, saboda haka duk kayan gwanjon da aka ce daga can suka fito sai an duba wutar da aka yi su dominta.

Sai maganar sola, wadda ita ce babbar ƙaryar, kuma lissafinta ba ya buƙatar injiniya. Abin da suke kawowa yawanci faranti biyu ne da batir ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wutar da ta kai wat 2,400 na awa ɗaya, amma irin mai ruwan asid ɗin nan ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, ke nan wat 1,200 ne na amfani. AC mai doki ɗaya da rabi tana jan wat dubu da wani abu idan tana aiki da cikakken ƙarfi, kuma ko mai inbata ce, wadda ke rage gudu bayan ɗaki ya yi sanyi, a daren bazara da wuya ta sauka ƙasa da wat 500 zuwa 600. Ma'ana, batir ɗaya zai riƙe ta kamar awa biyu ne. Don a kwana da ita awa takwas ana buƙatar irin wannan batir aƙalla huɗu, ko batirin litiyam mai ɗaukar yunit biyar, da farantan da za su iya cika su kullum bayan sun ciyar da na'urar da rana, ga kuma ƙurar hunturu da ke rage ƙarfin faranti idan ba a goge shi. Akwai AC ta gaske da ake haɗawa kai tsaye da farantan sola, amma da rana take cin moriyarsu, da dare sai ta koma kan wutar gari ko batir. Duk wanda ya ce faranti biyu za su kwana da kai cikin sanyi, ko dai bai san aikin ba ko kuwa ya sani yana yaudararka.

Kafawar ma ba a bar ta ba. Ƙa'ida ita ce a zuƙe iska da danshin da ke cikin bututu da injin zuƙa kafin a saki gas, amma yaran da suke turowa ba su da wannan injin, buɗewa kawai suke yi, danshin ya zauna ya lalata man kwamfiresa a hankali. Gas kuma iri-iri ne: akwai R22 na tsofaffin injuna, wanda ake janyewa daga kasuwa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, akwai R410A, akwai R32 wanda ke iya kamawa da wuta idan ya taru kusa da tartsatsi. Kowane inji da nasa, ba a gauraya su, kuma gas ɗin da aka ɗura daga tukunyar da ba ta da suna babu mai iya cewa ga abin da ke ciki. Idan aka haɗa wannan da siririyar waya da aka ja daga soket ɗin falo ba tare da makashin wuta na musamman ba, maganar ta tashi daga asarar kuɗi ta koma barazanar gobara a gidan da yara ke barci.

Wanda ke da niyyar saye ya nemi ganin shagon da idonsa, ya bincika sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wanda kowa ke iya dubawa ta waya, kuma kada ya tura kuɗi asusun da sunansa bai yi daidai da na rasit ba. Tallafin gwamnati na gaske hukuma ce ke sanar da shi da sunanta, ana iya zuwa ofishinta a tambaya, ba a sayar da gurbinsa a zaure. A buɗe kwali a gaban mai saye, a gwada lambar da ke jikin injin da ta katin garanti, a zo da mai gyara na kanka ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin har sai na'urar ta yi aiki da tsakar rana, ba da yamma ba. Mai gaskiya ba ya ƙin waɗannan sharuɗɗa, wanda ya fara cewa lokaci zai ƙure ko ana raina masa hankali kuwa, a bar masa kayansa.

Waɗanda kuma abin ya riga ya shafa, ina roƙonsu kada kunya ta sa su yi shiru, domin shirun nan ne ke ba mutanen damar komawa wata unguwa da sabon suna da sabuwar lamba. A garzaya banki da wuri a shigar da ƙorafi a rubuce, tunda damar riƙe kuɗin tana raguwa da zarar an kwashe su zuwa wani asusun. A adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin murya da hoton fom da lambobin da aka yi magana da su, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma idan waɗanda aka cuta suna da yawa su haɗa kai su rubuta takarda ɗaya zuwa ofishin shiyya na EFCC da ke Sakkwato, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Wanda ya ba da lambar NIN da BVN ya sanar da bankinsa, kada kuma ya karanta wa kowa lambar sirrin da za a turo masa ta waya ko da an ce don a mayar masa da kuɗinsa ne. Idan kuwa an riga an kafa na'urar a gida, a kashe ta daga makashin wuta, kada a sake kunnawa har sai wanda ya san aikin ya duba wayar da aka ja mata da irin gas ɗin da aka ɗura a cikinta.