Wasiƙa daga Newmarket: gyaran kofaton doki a Ingila da namu na Kano

Assalamu alaikum Baffa. Bayan gaisuwa, ga amsar tambayar da kuka yi mini a kan takalmin ƙarfen da ake buga wa dawaki a nan Ingila, da ko ya dace a yi wa naku kafin hawan sallah.

A bargar dawakin sukuwa da nake aiki a Newmarket, mai doki bai isa ya buga wa dokinsa takalmi da kansa ba, domin wata dokar Birtaniya ta 1975 ta keɓe wannan aiki ga masu rajista. Yaro sai ya yi kimanin shekara 4 a hannun maigida yana leƙa kwaleji a tsakani, ya iya ƙira, ya san ƙasusuwa da jijiyoyin ƙafar doki, sannan ya ci jarrabawa. Ƙungiyar masu sana'ar da ke Landan ce ta daɗe tana shirya wannan jarrabawa, kuma tarihinta ya faro a 1356, fiye da shekara 100 kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano.

Maƙerin da ke zuwa mana da motarsa yake tafe, a bayanta akwai murhun gas da uwar maƙera da takalma iri-iri. Ba ya taɓa ƙafar doki sai an ja shi a gabansa ya ga takunsa. Daga nan ya maƙale ƙafar a tsakanin cinyoyinsa, ya cire tsohon takalmin, ya datse abin da ya tofo, ya goge da magagari har ƙasan kofaton ya daidaita. Sai ya ƙona sabon ƙarfen ya yi jajir, ya lanƙwasa shi daidai da siffar wannan ƙafa, ya ɗan danna shi a kai. Hayaƙi ya turnuƙe da ƙauri irin na babbakar kan rago, amma dokin ko gezau, saboda wurin ba shi da jijiya. Ƙusa 6 ko 7 yake bugawa, kowacce ta ɓullo ta gefen kofato ya lanƙwashe bakinta, kuma idan ɗaya ta karkace ta shiga tsoka, dokin zai kwana yana ɗingishi. Ranar tsere kuwa, takalmin alminiyam marar nauyi ake sa musu.

Kofato yana tofowa ƙasa kaɗan da santimita 1 a wata, kuma sai ya kusa shekara kafin ya sabunta daga sama har ƙasa. Shi ya sa maƙerin ke dawowa duk mako 4 zuwa 6, ko doki na ciwo ko ba ya yi, kuma kowane zuwa mai doki zai biya abin da ya doshi fam 100. Wannan zuwa a kan ƙa'ida shi ne abin da suka fi mu, ba ƙarfen ba. Mu sai kofato ya tsage, ko ya yi tsawo har doki ya fara tuntuɓe, sannan muri ya ɗauko wuƙa.

A wani fannin kuma mu ne da riba. Danshin ƙasarsu yana tausasa kofato, namu kuwa busasshiyar ƙasa ta ƙarfafa shi, shi ya sa iyaye da kakanni suka yi yaƙi da fatauci a kan dawakin da ba su san takalmi ba. Abin da ya sauya shi ne kwalta, domin dokin da zai tashi daga Gidan Rumfa ya yi hawan Nassarawa ya dawo, yawancin tafiyarsa a kanta ce, kuma tana cin kofato. Duk da haka, Baffa, ban ba ku shawarar a buga masa ƙarfe ana jibi sallah ba, saboda ƙarfe yana santsi a kwalta, kuma a nan ma sai sun haɗa da wasu ƙusoshi masu taurin kai domin ƙafa ta kama ƙasa. Maƙeranmu da ke ƙera linzami da likkafar da ake sayarwa a Kasuwar Kurmi ba za su kasa lanƙwasa takalmi ba. Sanin inda ƙusa za ta bi ne ba a koya musu ba, kuma ƙusar kafinta ba ta yin wannan aiki.

Abin da ya fi dacewa da naku shi ne a riƙa datse kofaton a goge shi duk bayan mako 6, a kuma ƙwaƙule ƙasansa kullum, musamman da damina, lokacin da doki ke wuni a turke cikin fitsari da taɓo har tsagin ƙasan kofaton ya ruɓe ya yi baƙi yana wari. A guji ɗura masa gero da dawa gab da sallah don ya yi ƙiba, domin yawan hatsi lokaci guda yana kumbura naman da ke riƙe da kofato daga ciki, kuma wannan ciwo yana iya gurgunta doki gaba ɗaya. Zan aiko muku da magagari da wuƙar kofato mai lanƙwasasshen baki, tare da hotunan da za a nuna wa muri yadda ake riƙe ƙafar.