Gyaran tsohuwar wayar bidiyo: baban ya iya aiki, amma yaron shagonsa ya ƙona min rai

Wayar VideoPhone 2500 ce ta kamfanin AT&T, irin wadda aka fitar a Amurka a 1992, lokacin kusan dala 1,500 ake sayar da guda ɗaya. Guda biyu ne a wajena, na kawuna ne Allah ya jiƙansa, don ita sai wanda ka kira shi ma yana da irinta kafin ku ga juna. Duka sun mutu murus. Masu gyaran waya na kasuwa suka ce ba layinsu ba ne, sai aka yi min kwatancen wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari nan Kano.

Gaskiya mutumin ya san aikinsa. Yana kwance ta farkon ya nuna min kafasito, wato 'yan ƙananan kayan da ke riƙe wuta a ciki, duk sun kumbura, wasu har sun yi yoyo sun fara cin fanel, ya wanke da sipirit ya canja su ɗaya bayan ɗaya. Na ce Baba to da wane layi za mu gwada tunda wayar gida ta tafi tare da NITEL, sai ya yi dariya ya aro ƙaramin akwatin intakom irin na otal ya jona su biyun. Wallahi sai ga fuskarsa a ɗan allon nan da bai kai tafin hannu ba, da kala, tana motsi tsinke-tsinke don iyakarta hoto 10 a daƙiƙa, baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Na ji daɗi har na ƙara masa kuɗi a kan yadda muka yi.

To ranar da na je ɗauka ne aka yi ta. Baban ya fita sallah, yaron shagon wai zai nuna wa abokinsa, ya ɗauki ɗaya ya cusa a soket kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, abin da sai da na faɗa na nanata cewa kayan Amurka ne wutar 110 yake sha ba 220 irin tamu ba. Ina shiga ƙauri ya tare ni. Yaron nan ko a jikinsa, wai "yallaɓai ai fis ne kawai". Ba fis ba ne, taransifoma ce ta ƙone.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne da baban ya dawo, maimakon ya ce laifin shagonsa ne sai cewa ya yi haƙuri za a yi, mu raba kuɗin naɗa wata taransifomar. Mu raba kamar yaya Baba? Kuma yanzu da na tuna, murfin bayan ɗayar ma da sukurori biyu kacal ya mayar min, sauran wai sun ɓace.

Ɗaya tana gida ba ta da wadda za ta kira, ɗayar tana shagonsa har yau, kullum na buga waya sai ya ce mai naɗin bai dawo daga tafiya ba.