Tafarnuwa ko hulba: wanne ya fi rage kolesterol?

Hajiya, kin ce gwaji ya nuna kolesterol ɗinki, wato wani irin kitse da ke cikin jini, ya hau, wasu sun ce ki lazimci tafarnuwa, wasu sun ce hulba, kina son sanin wanne za ki riƙe.

Tafarnuwa ce ta fi suna. Idan aka daka ta ɗanya, takan fitar da wani sinadari mai suna alisin, wanda ake danganta amfaninta da shi. Sai dai da aka gwada ta a jikin mutane, sakamakon bai kai sunan ba. A 2007 masu bincike na Jami'ar Stanford a Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 192 na tsawon wata 6, wasu na cin ɗanyar tafarnuwa, wasu na shan ƙwayoyinta, kuma LDL, wato nau'in kolesterol da ke toshe hanyoyin jini, bai sauka ba. Wasu gwaje-gwajen sun ga ɗan ragi kaɗan. Abin da ya fi damuna shi ne tafarnuwa na tsinka jini. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, ko wanda za a yi wa tiyata, kada ya yawaita ta sai ya gaya wa likita.

Ita kuwa hulba, hanyar aikinta a fili take. In kika jiƙa ta za ki ga tana yauƙi. Wannan yauƙin ne yake kama ruwan matsarmama a cikin hanji ya fita da shi, sai hanta ta jawo kolesterol daga jini ta haɗa wani sabo. Don haka a tsakanin su biyun, ni na fi karkata ga hulba, duk da cewa gwaje-gwajenta ƙanana ne. Tana saukar da sukari kuma, saboda haka in kina shan maganin ciwon sukari ki riƙa aunawa. Mai juna biyu ta guje ta. Wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini ma ya yi hattara, danginsu ɗaya.

Amma Hajiya, don Allah in likita ya rubuta miki statin, wato maganin asibiti na rage kolesterol, kada ki ajiye shi saboda ɗayansu. A gwajin da asibitin Cleveland Clinic na Amurka ya yi a 2022, wani statin mai suna rosuvastatin miligram 5 kacal ya rage LDL da kusan kashi 38 cikin 100 a kwana 28. Tafarnuwa, kirfa da kurkum duk an saka su a wannan gwajin, babu wanda ya rage shi.

Kolesterol ba ya ciwo balle ki ji ya sauka. In kin fara hulbar, ki sanar da likitanki, ki maimaita gwajin jini bayan wata 3. In kuma a danginku akwai wanda bugun zuciya ya kama tun yana da ƙuruciya, ki faɗa masa, domin hawan kolesterol na gado yana buƙatar maganin asibiti tun da wuri.