Hattara da masu tallar "wuƙar Damaskas" a Facebook

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan, don ba wanda yake son ba da labarin yadda aka yi masa wayo. Amma Babbar Sallah ta ƙarato, tallar kuma ta dawo, shiru ba zai yi ba.

Bara, saura kamar sati uku Sallah, ina duba Facebook sai wani bidiyo ya faɗo mini. Hannu ne kawai ake gani, riƙe da wuƙa mai zane a jikinta kamar igiyar ruwa. Ya tsarga takarda, ya yanka tumatir siriri, ya sari ƙusa ta rabe biyu, ya koma ya aske gashin damtse. A ƙasa an rubuta wai wuƙar Damaskas ce, ƙirar hannu daga Japan, ƙarfe ninki 67, ba ta dakushewa har abada, kuma saura guda tara. Ni kuwa dama ina neman wuƙa ɗaya tsayayya, wadda ba a naɗewa, ta aikin yau da kullum: yanka igiya, feƙe itace, gyaran kaza, ranar layya kuma a yi fiɗa da ita.

Ina yin magana aka mayar da ni WhatsApp. "Alhaji, ranka ya daɗe, kai za ka ɗauki ta ƙarshe." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban ƙi sunan ba. Ya ce kuɗinta naira 45,000 ne, albarkacin Sallah sun mayar da ita 18,000. Na ce a kawo in gani sannan in biya, ya ce ba tsarin kamfani ba ne, sai dai in ba da rabi. Da na sa lambar asusun da ya turo, sunan da ya fito daban, sunan shagon daban, sunan da ya gaya mini nasa ne shi ma daban. A nan ya kamata in tsaya. Ya ce ai asusun akawunsu ne, na tura 9,000.

Bayan kwana biyu, wai kaya sun maƙale a hannun kwastan, in taimaka da 4,000. Bayan kwana uku, wai an ba direba a tasha, amma ba zai saki kaya ba sai na cika ragowar 9,000. Direban ma ya kira ya nemi nasa 3,000. Ku lura da yadda suke yanka kuɗin: kowane karo abin da za su nema bai kai wanda ka riga ka zuba ba, sai ka ga gara ka ƙara kaɗan da ka yi asarar na baya. Haka wuƙar 18,000 ta tashi a 25,000.

Kuma wuƙar ta iso. Wannan shi ne babban wayonsu. Da ba su turo komai ba, da sai a ce sata ce ƙarara. Tunda an miƙo maka wani abu a kwali, duk inda ka kai ƙara sai maganar ta koma ta ciniki, a ce ka saya ne bai yi maka ba.

Daga nesa tana da kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Sai dai kuben roba ne aka yi masa fentin fata, ƙotar kuma tana motsi tun ranar farko. Kaza ɗaya na gyara da ita bakin ya lanƙwashe. Na ɗauke ta na kai wa wani dattijon maƙeri a unguwarmu, wanda shi yake wasa wa mahaifina wuƙaƙe tun muna yara. Ya juya ta sau biyu, ya ɗauki magagari ya goga a bakinta sau ɗaya, sai ga ƙarfe yana zuba kamar an goga gwangwani. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta ga wuta ba." Nufinsa ba a gasa ƙarfen an tsoma shi yadda zai yi tauri ba. Wuƙar kirki idan ka goga mata magagari a baki, zamewa yake yi ko ya ɗan kama da ƙyar.

Na ce, "Baba, zanen fa?" Ya sa sanfefa ya murje wuri ɗaya, zanen ya tafi. Ya matsa lemun tsami a wurin, muka jira, bai dawo ba. Daga nan ya nemi izinina ya fasa ƙotar. Abin da muka tarar a ciki ya fi komai tayar mini da hankali: ruwan wuƙar bai shiga ƙota ba sai ɗan kaɗan, sauran wani siririn ƙarfe ne kamar wutsiyar ɓera aka liƙa da walda. Da a tsakiyar yankan rago ta karye, hannuna ko hannun mai riƙe mini ne zai biya.

Bari in ɗan yi bayanin Damaskas ɗin nan, don da sunan suke cin kasuwa. Asalin ƙarfen da takubban Damaskas suka yi suna da shi, daga kudancin Indiya da Sri Lanka ake narko shi, a kai shi Gabas ta Tsakiya a ƙera, kuma an daɗe da daina yin sa a waccan hanyar. Wanda ake kira Damaskas yau, ƙarfe iri biyu ne ake jerawa a haɗe su cikin wuta, a yi ta ninkawa ana duka, a ƙarshe a tsoma cikin asid zanen ya fito. Saboda haka zanen a cikin jikin ƙarfen yake, za ka ga layukansa har a gadon bayan wuƙar, in ka goge ka sa wani abu mai tsami zai sake bayyana. Kuma wuƙa biyu ba sa fitowa da zane iri ɗaya sak. Da na koma na duba hotunan shafin nan, duk wuƙaƙen zanensu ɗaya ne, layi da layi. Bugawa aka yi.

Ko da ta gaske ce ma, zane ba ya ƙara kaifi. Ado ne. Saran ƙusa kuma ba abin mamaki ba ne, ƙusa ƙarfe ne mai taushi, kuma wa ya ce wuƙar da ke cikin bidiyo ita za a turo maka? Batun ba ta dakushewa kuwa, ku je mahauta ku tsaya minti goma ku ƙirga sau nawa mahauci yake wasa wuƙarsa.

Mai neman wuƙar aiki mai sauƙin kuɗi ba ya buƙatar duk wannan. Ruwan da bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba ya isa kusan komai a gida da gona. Wanda ya fi haka, musamman mai siffar wuƙar faɗa da tsini da haƙora a baya, ba abin da zai ƙara maka sai tambayoyi a shingen 'yan sanda. Ka duba ƙarfen ya zarce cikin ƙota, in da hali ka ga gefensa har ƙarshe da ƙusoshi biyu ko uku sun riƙe shi. Ka kama ƙotar ka murɗa, in ta yi motsi ka ajiye. Kuben kuma ya riƙe ta ko an kifa shi.

A cikin na ƙasashen waje, Morakniv da ake ƙerawa a garin Mora na ƙasar Suwidin tun 1891 ta yi suna wajen araha da nagarta. Samfurinsu na Companion ruwansa kusan santimita 10 ne, ƙotar roba, ba ado ko kaɗan. Ƙarfenta bai kai ƙarshen ƙota ba, amma guda ɗaya ne tun daga tsini, ba liƙi. Akwai kuma Tramontina ta Brazil, kamfanin da ya fara tun 1911, ita ma ba tsada. Sai dai duk sunan da ya yi kasuwa ana buga jabunsa, don haka ko su ɗin ne, ka saya a inda za ka riƙe a hannu kuma ka san shagon da za ka koma gobe.

Ni dai a wurin Baba na ƙare. Ya ƙera mini daga sifirin ɗin tsohuwar mota, ƙotar itace, dukawa suka ɗinka mata kube na fata, duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na yi asara ba. Tana tsatsa in an bar ta da jini ko ruwa, sai a goge a shafa man gyaɗa. Da ita muka feɗe raguna biyu, sau biyu kawai na kai ta kan dutse. Ba kowane maƙeri ne gwani ba, wannan gaskiya ne, amma ko a Kasuwar Kurmi ka je, a gabanka za a gwada kaifi kafin ka zaro kuɗi.

Wanda ya riga ya tura musu kuɗi, kada ya ƙara ko sisi, ko me suka ce ya maƙale. Ya ɗauki hoton hirar da shaidar turawa kafin su goge, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai rahoton shafin ga Facebook, ya kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Ni sai da na yi sati ina jiran su musanya mini kamar yadda suka yi alkawari, kafin in farga sun toshe lambata.

Shekaranjiya na sake ganin tallar. Sunan shafin ya canja, lambar waya ta canja, yanzu wai daga Jamus ake kawo ta. Hannun dai shi ne, ƙusar ita ce, kuma har yanzu saura guda tara.