Africa Eye na BBC: na ƙona data a kansa, ga yadda na gan shi

Ni dai ba mai haƙurin dogon bidiyo ba ne a waya, da ya wuce minti biyar na fara danna gaba, amma wani dare barci ya ƙi zuwa na faɗa kan shirye-shiryen BBC Africa Eye a YouTube, tun daga ranar nake bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai cin bashi. Ga wanda bai sani ba, sashen binciken ƙwaƙwaf ne na BBC da aka buɗe a 2018, aikinsu tono abin da wasu ke son ya zauna a rufe a ƙasashen Afirka. Kallo kyauta ne, data ce kawai za ta ji jiki.

Wanda ya fara kama ni shi ne na Kamaru, kuma har yau ban ga wanda ya kamo ƙafarsa ba duk da bai fi minti goma sha ɗaya ba. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya yi ta yawo a waya, sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba, ɗayan yaran ma jariri ne goye a baya, suka rufe musu ido suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta bakin ministan sadarwa na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ta ce labarin ƙarya ne, wasu har cewa suke a Mali abin ya faru. To mutanen nan ba su tsaya musu da kowa ba. Akwai wani tsauni da ya fito a bayan hoton na 'yan daƙiƙoƙi, suka zana layin samansa, suka je Google Earth suka dace da shi a kusa da wani gari Zelevet, daf da iyakar Najeriya, suka nuna maka hanyar da gine-ginen da bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya har sai da na ce kai, wurin ne. Sai batun yaushe. Wani gini da ke cikin bidiyon babu katangarsa a hoton tauraron ɗan adam na ƙarshen 2014, wani kuma an rushe shi zuwa farkon 2016, kenan tsakani ne, sannan suka auna inuwar sojojin a ƙasa kamar yadda ake duba inuwa a san lokacin azahar, suka ce tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. Bindigar ma sun gane ta, Zastava M21 ƙirar Sabiya, wadda ba kowace ƙasa ke da ita ba a yankin amma sojan Kamaru na riƙe ta. Ba su kaɗai suka yi ba, da hannun Amnesty International da Bellingcat da wasu masu bincike na intanet. A Satumbar 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, aka sallami biyu. Shekara goma a kan rai huɗu dai, to, ka ji.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan, shi ne wurin da kuɗin datarka ke fita. Ba su ce maka "majiya mai ƙarfi ta shaida mana" ka yarda ko ka bari ba, sun ajiye maka hujjar a faifai, in kana da kwamfuta da haƙuri kai ma za ka iya buɗe taswirar ka duba da kanka. Na gwada kuwa, na fi rabin awa ina juya tsaunuka kafin na haƙura.

Sai masu kyamarar ɓoye, waɗanda su ne suka fi tashe. Na kodin ya fito ƙarshen Afrilun 2018, Ruona Meyer ce ta jagoranta, aka ga ma'aikacin kamfanin magani yana sayar da kwalaben maganin tari ta bayan gida ba takardar likita, aka ga matasa ɗaure da mari a gidan gyaran hali a Kano, wallahi wannan wurin sai da na ajiye wayar. Washegari gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na wani lokaci. A Oktoban 2019 kuma Kiki Mordi ta fito da na malaman jami'a masu neman ɗalibai mata da maki, a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, kuma an dakatar da malamai a duka biyun. Suna da daɗin kallo, ba ƙarya, gabanka na faɗuwa kamar kai ne ka ɓoye kyamarar a riga. Amma a nan nake da 'yar magana. Kyamarar ɓoye wanda ya faɗa tarko kawai take kamawa, galibi ƙaramin kifi, kai kuma ba ka ga awanni nawa aka ɗauka aka yanke ba, dole ka yarda da mai tacewa. Ga kiɗan tashin hankali da ake sawa a ƙasa wanda ni a ganina abin da ke kan allo ya isa ba sai an ƙara masa gishiri ba. Kuma hana kodin bai hana shaye-shaye ba, shaida ita ce a 2025 BBC ɗin ce dai ta sake bin sawun wasu ƙwayoyi haɗin tapentadol da carisoprodol daga wani kamfani a Mumbai zuwa Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa.

Na 'yan bindigar Zamfara na Yulin 2022 da Yusuf Anka ya yi shi ne ya raba kan mutane, kuma ni ma kaina ya rabu. Ga Ado Aleru, ɗaya daga cikin shugabannin 'yan bindigar, zaune yana magana hankali kwance, ga wanda ya ce da hannunsa a sace 'yan matan Jangebe yana faɗin dalilinsa, da Hausar da kake ji ba sai ka karanta rubutun ƙasa ba. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce kambama ta'addanci ne, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar naira miliyan biyar-biyar a kan kamfanonin da suka haska shi, har da Trust TV da ta yi nata daban. Na fahimci mai cewa bai kamata a miƙa wa mai kisa makirfo ba, musamman wanda aka kashe wa nasa. Sai dai ni kafin shirin nan lambobi kawai nake ji, an kashe kaza an sace kaza, a nan na fara jin su wane ne, me suke cewa suna so, da yadda rikicin Hausawa da Fulani da 'yan sa-kai ya cakuɗe. Tarar kuma ba ta dawo da ko mutum ɗaya daga daji ba.

Wani abu da nake tunawa duk sanda na ga an rufe fuskar ɗan jarida a shirin: Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin yaran ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas da suka yi binciken cin hanci a ƙwallon ƙafar Ghana a 2018, harbe shi aka yi a Accra a Janairun 2019, bayan an nuna hotonsa a talabijin. Mu muna kwance muna danna gaba.

In maki ne zan ba su huɗu cikin biyar. Ɗayan da na riƙe saboda kiɗan nan ne, da kuma bayanin da Turanci yake a tashar, wanda ba ya ji sai an zauna ana fassara masa. In datarka ba yawa ka sauke ingancin hoton zuwa 360, masu hira ba abin da za ka rasa, amma na Kamaru ka ɗaga shi sama don ka ga layin tsaunin da kyau, da shi za ka fara ma. Ka sa abin kunne, kuma ka bari sai yara sun yi barci.